Man da Aka Ajiye wa Novlette

Tun da ciwon suga ya cinye wa Mama idanu, hankalinta kuma ya fara tafiya yana dawowa, sai ta koma gane mutane ta kawunansu. Ba ta bin murya, ba ruwanta da sunan da ka faɗa. Ko ka ce kai ne gwamna, sai ka durƙusa ka miƙa kai ta laluba tukuna. Fasto da kansa sai ya cire hula ya sunkuya, ta shafa sanƙonsa ta ce, "Au, kai ne. Har yanzu bai tsiro ba?" Ni da nake kwana nake tashi da ita ma, kullum da safe sai na kai mata kaina kafin ta karɓi shayi a hannuna. Yatsunta su shiga cikin kitsona, ta ce, "Delrose ce, mai gashi kamar ɓawon kwakwa." Tun ina yarinya nake shan wannan yabon.

Wanda ya san gidanmu ba zai yi mamaki ba. Duk yammacin Asabar na duniya Mama kan zauna a kujerar baranda, mu kuma a kan matakala tsakanin gwiwoyinta, ta tsefe, ta taje, ta bi kowace tsaga da man zurma, ta kitse mu saboda cocin gobe. Man nan da kanta take yin abinta. Ta soya 'ya'yan, ta daka, ta dafa har man ya taso baƙi mai ƙauri, ta kwalfe. In ta gama kitso sai ta tsince gashin da ya maƙale a mataji, ta dunƙule, ta ba ɗayarmu ta kai murhu. Ba a yar da shi. In tsuntsu ya ɗauka ya yi sheƙa, mai gashin ta haɗu da ciwon kai ke nan har ta mutu.

Nawa kitson ba ya ɗaukar lokaci, da ranƙwashi ake farawa, da ranƙwashi ake gamawa. A kan ƙanwata Novlette ake ɓata rana. Gashi cike da kai, baƙi wuluk, ga laushi, in an tsefe shi ko fuskarta ba a gani. Sannan a tsakar ka, inda gashi ke murɗewa, kowa guda ɗaya gare shi, ita biyu, gefe da gefe. Mama takan ɗora manyan yatsunta a kansu ta ce, "Mai murɗi biyu ba ta zama ƙasa ɗaya. Wannan sai ta haye ruwa." Ni dai ba wanda ya taɓa ce mini zan haye ko da kwata ce, kuma ga shi ban haye ba. Ina nan bakin titin ƙauyenmu Middle Quarters da kwandona, ina ɗaga wa motoci jatan lande mai yaji.

Ita kuwa ta haye. Ta fara da aiki a wani otal a birnin Montego Bay, a teburin karɓar baƙi. Ba ta yi nisa da fara aiki ba shugabarsu ta ja ta gefe, ta ce kitson nan na ƙauye ne, baƙin waje suna son su ga mutum a gyare. Da Novlette ta zo gida Kirsimeti sai ga ta da gashi miƙaƙƙe har kafaɗa, an ɗinke shi a kan nata, an ɗame mata goshi har girarta ta ɗage kamar mai mamakin komai.

Mama ta ce, "Wace marar imani ce ta ja miki kai haka?"

"Haka ake yi, Mama. Kwana biyu zai saki." Tana faɗa tana haɗiyar fanadol.

"To ai yau Asabar. Zo ki zauna."

"Ba a sa masa mai, lalacewa yake yi."

Mama ta juyo gare ni. Ta kitse ni, ta mayar da mataji cikin aljihu. Ranar ko ranƙwashi ban samu ba.

Daga nan sai tsibirin Cayman, can hayin teku, sai aure, sai hotuna. Kowane hoto da gashinsa: yau ja, gobe mai lanƙwasa, jibi har gadon baya. Matan da muke talla tare su karɓi wayata suna cewa, "Del, anya uwarku ɗaya kuwa?" In ce musu uwa ɗaya, uba ɗaya, kanti ne kawai ba ɗaya ba. Zuwa gida ya koma sai an yi rasuwa, shi ma ta kwana biyu ta juya. Amma duk shekara in aka dafa man zurma, sai Mama ta ware kwalba guda ta ce ta Novlette ce. Ko bayan da ta makance, ni nake dafawa tana zaune tana kushe wutata, sai ta sa an cika kwalbar an ɗora a kan kabad kusa da Littafi Mai Tsarki. In ta tsufa a canja sabuwa. Ba mai taɓa ta.

Da likita ya ce ƙodar Mama ta gaji, mu kai ta gida mu yi ta lallaɓawa, sai na kira Novlette. Ban yi mata kwana-kwana ba. Na ce, "In kina son ki same ta, ki taho. In kuma hoto za ki aiko, ki sani ba ta gani."

Ta iso ranar Litinin da rana, da akwatuna da turare, da gashi mai sheƙi yana lilo har ƙugu. Ta rame, amma ta yi kyau, ba zan hana ta ba. Mama na kwance a ɗaki. Novlette ta durƙusa a bakin gado tana kuka tana cewa, "Mama, ni ce. Na zo."

Hannun Mama ya taso kamar kullum, ya sauka a kanta. Ya bi gashin ya gangara, ya dawo, ya ɗan tsaya. Sai ta janye shi ta goge a jikin zanin gado.

"Sannu da zuwa," in ji ta, da muryar da take yi wa baƙi. "Ke ce nas ɗin da aka ce za a turo?"

"Mama, Novlette ce. Autarki."

"Kin san ta? Allah sarki. Tana Cayman. Del, ba wa baƙuwa abin sha."

Na ce a raina gajiya ce, gobe za ta gane. Gobe ta zo, ba ta gane ba. Novlette ta yi duk abin da mutum zai yi. Ta dafa mata miyar jan wake yadda take so, ta rera mata waƙoƙin coci, ta tuna mata ranar da akuyar maƙwabta ta cinye hular zuwa coci ta bikin Ista. Mama ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ashe Novlette ta ba ki labari. Bakinta ba ya shiru." Tana son ta kuwa. Takan ce yarinyar nan tana da hannu mai sanyi, a riƙe ta kar ta tafi. Amma da ta ji mota ta rage gudu a titi sai ta ɗaga kai ta ce, "Del, duba ko ita ce."

Abin ya ishe ni. Muna bayan gida ina wanke jatan lande, ita tana tsaye tana kallon itacen mangwaro, na ce, "Ke, wai me kike jira? Cire wannan wutsiyar dokin ki ba ta kanki ta taɓa, a wuce wurin."

"Ba zai yiwu ba, Yaya."

"Don me? Kar a ga madam ba kwalliya? Mu nan duk mun san ki tun kina yawo da majina."

"Na ce ba zai yiwu ba."

"Matar nan kwanakinta ƙirgaggu ne. Kullum tana tambayar ki, kina zaune a gabanta, kin zaɓi gashin wata 'yar Indiya a kan uwarki. In kunyata kike ji, sai in fita in ba ki wuri."

Ba ta rama ba, ita da ba a gaya mata ɗaya ba ta mayar da uku ba. Ta kama hannuna, da ƙarnin jatan landen da komai, ta ja ni ɗakin da muka taso a ciki, ta sa sakata. Ta zauna a bakin gado, ta jiƙa auduga da wani ruwa ta bi goshinta a hankali har gam ɗin da ya riƙe gashin ya saki. Ta ɗaga hular gashin ta ajiye a cinya. Ƙarƙashi akwai wata 'yar hula kamar safa. Ita ma ta zare.

Na ga sanƙo a rayuwata, amma wannan ba sanƙo ba ne irin na Fasto. Daga goshi har bayan kunnuwa babu ko sili, fatar ta yi duhu inda gam ya saba zama. Tsakar kan kuwa ta yi sumul tana ƙyalli kamar tabon ƙuna, ko ramin gashi babu. Sai can wajen ƙeya da gefe ɗaya aka bar mata ɗan abin da ba zai cika tafin hannu ba, shi ma ya yi furfura. Na nemi inda murɗin nan biyu suke, ban ga ko alamarsu ba.

"Da gefe ya fara," in ji ta, ba ta kalle ni ba. "Sai mai ɗinkin ta ce a matso da shi gaba a rufe wurin. Aka rufe. Inda aka kama shi ma ya tafi. Da zare ya rasa abin kamawa sai aka koma gam. Tsakiyar ta yi ta ƙaiƙayi tana zafi, ina bubbugawa da hannu kamar kowa. Lokacin da na je wurin likitan fata, ya ce saiwar ta mutu, na makara. Yaya, ko mijina Garfield bai taɓa ganin kaina haka ba, har muka rabu. Da hular nake kwana."

Sai lokacin na san ma sun rabu. Na ji tausayinta, na kuma ji kunyar wutsiyar dokin da na ce. Na zauna kusa da ita, na rasa inda zan sa hannuna, sai na ɗora a gwiwarta.

"In ta taɓa wannan me za ta samu?" in ji ta. "Gara ta mutu tana tunanin ina can da gashina."

Ni na kawo dabarar, kuma dabarar banza ce. Na ce mu shiga garin Santa Cruz mu nemo hular gashi mai irin gashinmu, mai kauri, a kitse ta irin kitson Mama. Muka samo, na zauna na yi mata manyan kalaba da hannuna, har na shafa mata ɗan man kwakwa don ƙanshi. A ido ta yi kamar gaske. Da Novlette ta sa, sai na ga yarinyar da na sani.

Mama ta taɓa. Fuskarta ta ɗan buɗe, yatsunta suka yi sauri suka nufi tsakiya, suna neman tsaga, suna neman fata. Sai farcenta ya karci raga.

"Wannan ba shi da ɗumi," in ji ta. "Del, me ya sa kuke mini wasa? Don ba na gani?"

Ta juya fuska bango. Ranar ba ta ci abinci ba, washegari ma sai da na yi ta roƙo kafin ta sha ɗan kunun masara. Novlette ta tusa hular a ƙasan akwati, ba mu ƙara maganarta ba.

Asabar ta zo. Da yamma ta yi, rana ta sauka bayan itacen mangwaro, Mama ta farka da wani ƙarfi da ba mu gan shi ba duk satin. Ta ce a fitar da ita baranda. Muka ɗauke ta mu biyu, ba nauyi, muka zaunar a kujerarta da matasai. Ta laluba aljihun rigarta ta ce ina matajinta. Na kawo.

"Ku yaran nan sai an yi ta kira," in ji ta. "Gobe coci. Delrose, ke bari sai daga baya. Novlette ta fara zuwa, nata ne mai cin lokaci."

Ta buɗe gwiwoyinta, ta zauna tana jira, mataji a hannu. Motoci suna wucewa a titi. Maƙwabciyarmu Mis Adina tana shara a tsakar gidanta, katangar da ke tsakaninmu ko ƙugu ba ta kai ba. Na dubi Novlette, na kau da kai, don na riga na faɗi fiye da rabona.

Ta shiga ɗaki. Na ɗauka ta gudu ke nan. Sai ga ta ta fito ba komai a kanta, a fili, da hasken rana. Tsintsiyar Mis Adina ta tsaya. Baiwar Allah, ta tattara shararta ta shige gida ta ja ƙofa, kuma har yau ba ta taɓa tayar mini da zancen ba.

Novlette ta sauka ta zauna a kan matakala, ta jingina bayanta tsakanin gwiwoyin Mama.

Mama ta ajiye matajin a cinya, ta ɗora hannu biyu. Manyan yatsunta suka tafi kai tsaye inda suka sani, gefe da gefe a tsakar ka. Suka zagaya. Suka matsa gaba, suka koma baya, suka sake zagayawa. Ta bi goshi, ta bi bayan kunne, ta taɓa ɗan abin da ya rage a ƙeya, ta sake komawa tsakiya. Ta daɗe tana nema. Ina tsaye riƙe da ginshiƙin baranda ina roƙon Allah a zuciyata, ko da guda ɗaya ne, ko alama ce.

"Wayyo, 'yar nan," in ji Mama a hankali. "Wa ya yi miki haka?"

Mama ta sake bin fatar da yatsa.

"Ba ki da uwa ne?"

"Ina da ita."

"Tana raye ta bari kanki ya zama haka?" Ta girgiza kai. "Ba ta kyauta ba. Kai na yaro ai kamar gona ne, sai ana dubawa."

"Ba laifinta ba ne. Ni ce ban zauna ba."

"Haka kuke, yaran yanzu." Tafinta yana kan fatar, tana shafawa kamar mai lallashin jariri. "Yana zafi?"

"Da dai. Yanzu ya daina."

Mama ta tsaya da shafawa. Sai ta juyo wajen da take jin numfashina ta ce, "Del, ɗauko kwalbar nan ta kan kabad."

Na ce, "Mama, ta Novlette ce fa." Da gangan na faɗi sunan da ƙarfi, ko zai taɓa wani abu.

"Na sani. Ɗauko. Ba za ta ji haushi ba, ita gashi har ya yi mata yawa."

Na ɗauko. Na buɗe, ƙaurin man ya cika barandar, warin duk Asabar ɗin da muka taɓa yi. Na zuba mata a tafi. Ta murza, ta fara shafawa daga goshi, layi layi, kamar akwai tsaga tana bi. Ba ta tsallake ko'ina ba. Hawaye na zuba a fuskar Novlette yana haɗuwa da man da ke gangarowa, ba ta share ba, ba ta kuma motsa ba, don tun muna yara an hana mu motsi in ana kitso.

Da ta zo ƙeya sai ta ɗauki mataji ta taje ɗan gashin nan a hankali, ta raba uku, ta yi kalaba guda, siririya, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta tsince matajin, ta sami sili biyu ko uku, ta dunƙule ta miƙo mini.

"Kai murhu. Kar tsuntsu ya ɗauke mata, abin da ya rage mata ke nan."

Na kai na ƙona. Na daɗe a kicin ɗin ban fito ba.

Bayan wannan Mama ba ta ƙara fita baranda ba. Novlette ba ta sake sa hula ba a cikin gida, sai ɗankwalina in za ta fita. Kullum da safe takan kai kanta, Mama ta taɓa ta ce, "Marainiyata ce," ta sa a kawo kwalba. Ni na so in ci gaba da gaya mata gaskiya, in yi ta faɗa har ta shiga. Novlette ta hana ni. Ta ce in na matsa, Mama za ta ƙara juya mana baya, ita kuma ko a haka ne ta samu hannun uwarta a kanta.

Ranar da jikin ya rikice, da hantsi ne, muna zaune a gefenta mu biyu. Fasto ya zo ya yi addu'a ya tafi. Numfashinta yana ja yana tsayawa. Can ta motsa leɓe, na kai kunne.

"Del."

"Ga ni, Mama."

"Ba ta zo ba?"

Na kalli Novlette. Hannun Mama na kan kanta a lokacin, yatsun suna kan 'yar kalabar nan da ba ta yarda an tsefe ba. Ta girgiza mini kai kaɗan.

Na ce, "Tana hanya."

"To in ta zo, a ce ta yi haƙuri. Na ɗiba a man nata na ba wata."

Novlette ce ta matso da bakinta kusa da kunnenta.

"Zan gaya mata, Mama," in ji ta. "Ba za ta ji haushi ba."